Ido Ba Mudu Ba: Rikicewar Girma da Nisa a Bakin Ƙofar Barci



Ina godiya ƙwarai da gaske ga waɗanda suka shirya wannan zama, da suka ga dacewar a ba ni dama in yi magana a gaban manyan masana irinku. Abin da zan yi bayani a kansa yau, a ganin farko ƙaramin abu ne, har ma wani zai ce bai isa a tara mutane dominsa ba. Abu ne da yakan sami mutum a ɗan taƙin nan da ke tsakanin ido biyu da barci, watau sa'ad da gyangyaɗi ya fara ɗibarsa amma bai riga ya yi nisa ba. A wannan lokaci sai wani ya ga bangon ɗakinsa ya ja da baya, ya yi nisa kamar bayan gari. Wani ya ga ƙofar ɗaki ta ƙanƙance ta koma kamar akwatin ashana. Wani kuma ya ji hannunsa ya kumbura ya kai turmi, ko harshensa ya cika masa baki, alhali kuwa in an duba babu abin da ya sake a jikinsa.

Na tabbata a cikin wannan zaure akwai waɗanda suka taɓa jin haka, musamman a zamanin ƙuruciya, kuma da yawansu ba su taɓa faɗa wa kowa ba. Dalilin da ya sa na zaɓi wannan batu shi ne, yaron da ya faɗi irin wannan magana a gidajenmu yakan gamu da ɗayan abu biyu. Ko dai a ce ƙarya yake yi a tsawata masa, ko kuwa a ce an shafe shi, a shiga neman magani inda ba a ajiye shi ba. Duka biyun suna da hatsari, kamar yadda za mu gani nan gaba.

Abin da ya same ni a Ƙofar 'Yandaka

A unguwar Ƙofar 'Yandaka na tashi, nan cikin birnin Katsina, ƙofar da tarihi ya nuna ta nan ne Gwamna Lugga ya shigo garin a shekarar 1903. Ina ɗan shekara tara, wata damina masassara ta kama ni. Aka shimfiɗa mini tabarma a ɗakin kakata, aka kunna fitilar ƙwai aka aje a kan wani kwano kusa da bango. Ina kwance ina kallon fitilar nan, barci ya fara fizgata, sai na ga ta fara tafiya. Ba ta motsa daga kan kwanon ba, amma tana ta nisa, tana ta ƙanƙancewa, har ta zama kamar tauraro guda a can ƙarshen wani dogon lungu. Na juya na dubi kakata, ga ta zaune kusa da ni har ina jin ƙanshin man da ta shafa, amma fuskarta na ganta 'yar mitsitsiya, kamar na hango ta daga kan ganuwa. A lokaci guda kuma yatsuna suka yi mini kauri, kowane ɗaya kamar taɓarya, na ji in na rufe hannu ba zai rufu ba.

Na fashe da kuka na ce, "Kaka, kin yi nisa!"

Ta dafa goshina ta ce, "Haba maigida, ina zan tafi in bar ka? Ga ni nan. Kama hannuna ka ji."

Da na kama hannunta, ta ɗaga ni zaune, ta ba ni ruwa na sha, sai ɗakin ya komo daidai. Kashegari aka kai ni asibiti aka yi mini maganin zazzaɓi. Bayan na warke abin ya riƙa dawowa jefi-jefi, ko da lafiyata ƙalau, kullum kuwa a daidai lokacin kwanciya, har na kai wajen shekara goma sha uku, sa'an nan ya ɗauke.

Abin da ya daɗe yana damuna shi ne, a unguwar tamu akwai wani yaro sa'ana da ya faɗi irin wannan magana cikin zazzaɓi. Shi ba a kai shi asibiti ba. Aka ce gamo ya yi a hanyar dawowa daga kiwo, aka yi ta turare da shafe-shafe kwana uku, har ya fara jijjiga ya daina gane mutane. Ko da aka ɗauke shi zuwa asibiti, lokaci ya riga ya ƙure. Maganarmu ɗaya da shi, bambancin kawai yadda manya suka fassara ta.

Siffofin abin da sunansa

Hausa ba ta rasa kalmomin da suka shafi barci ba. Muna da gyangyaɗi, muna da angaje, muna da magagi, watau ruɗewar wanda aka tasa bai gama wartsakewa ba. Muna da dannau, wanda mutum zai farka ya kasa motsi, ya ji kamar an ɗora masa nauyi a ƙirji. Muna kuma cewa abu ya yi wa mutum gizo, in idonsa ya nuna masa abin da ba haka yake ba. Amma wannan da muke magana a kansa ba dannau ba ne, domin mai shi yana iya motsi da magana. Ba kuma mafarki ba ne, domin sau da yawa idonsa a buɗe yake, ya san inda yake, ya san waɗanda ke tare da shi. Saboda haka ina ba da shawara mu kira shi gizon gyangyaɗi, har zuwa ranar da masana harshe za su samo mana sunan da ya fi wannan.

Masu bincike sun kasa shi gida-gida. Na farko, ganin abu ya ƙanƙance. Na biyu, ganin abu ya ƙasaita fiye da kima. Na uku, ganin abu ya yi nisa. Na huɗu, ganinsa ya matso har kamar zai taɓa ido. Na biyar, wanda ya shafi jikin mutum kansa, watau ya ji kansa, ko hannunsa, ko harshensa, ko dukan jikinsa ya girma ko ya tsuke. Wasu kuma sukan haɗa da rikicewar lokaci da sauti, su ji maganar mutane tana sauri kamar ana kora ta, ko ƙaramin motsi ya zame musu kamar tsawa. Yawanci abin ba ya wuce 'yan mintoci, da wuya ya haura rabin sa'a. Babbar alamarsa kuwa ita ce mai shi ya san abin da yake gani ba gaskiya ba ne. Yakan ce "kamar", ba ya cewa "lalle". Wannan kalma guda ita ce ta raba shi da taɓin hankali.

Yadda ido ke sanin kima

Kafin mu gane yadda ma'auni ke rikicewa, sai mun fara sanin yadda yake aiki sa'ad da yake lafiya. Masu iya magana sun ce ido ba mudu ba, amma ya san kima. Wannan karin magana ya fi yadda muke zato zurfi.

Ƙwayar idon babban mutum ba ta wuce milimita 24 ba daga gaba zuwa baya. A bangonta na ciki akwai wani tantani wanda hoton duk abin da muke kallo yake sauka a kansa. Mutumin da ke tsaye taki goma daga gare ka, hotonsa a tantanin nan rabin na wanda ke taki biyar ne. Amma ba ka taɓa cewa na nesan wada ne. Ka ɗauki hasumiyar Gobarau, wadda tsawonta ya kai kimanin mita 15. In ka hango ta daga nesa kana iya rufe ta da babban yatsanka, duk da haka ba ka shakkar cewa dogon gini ne. Me ya sa? Saboda ƙwaƙwalwa ba ta karɓar hoton ido yadda ya zo. Takan tambayi nisan abin tukuna, sa'an nan ta haɗa nisan da girman hoton, ta fitar da hukunci. Duk wannan lissafi yana gudana ba tare da saninmu ba.

Wanda ya fara bayyana wannan filla-filla shi ne Hasan Ibnul Haisam, haifaffen Basra wajen shekarar 965, wanda ya rubuta littafinsa Kitabul Manazir a Alƙahira tsakanin 1011 da 1021. Ya nuna cewa ido ba ya iya kimanta nisa sai in akwai jerin abubuwa a tsakanin mai kallo da abin kallo, kamar ƙasa, da gidaje, da itatuwa. Da wannan ne ya yi bayanin abin da kowa ya sani, watau wata ɗan daren goma sha huɗu yakan fito ƙato a gabas, amma in ya hau tsakiyar sama sai ya ƙanƙance. Watan bai sake ba. Wanda ya miƙe hannunsa zai rufe shi da kan ɗan yatsa, ko yana gabas ko yana tsaka. Hukuncin ƙwaƙwalwa ne ya sake.

Ga wani gwaji da kowa zai iya yi yau da dare. Ka dubi ƙwan lantarki na ɗan lokaci kaɗan, sa'an nan ka kau da kai, za ka ga wani tabo yana bin idonka. Ka dubi tafin hannunka, tabon zai zama ƙarami kamar kwabo. Ka ɗaga kai ka dubi bango mai nisa, zai zama kamar faifai. Tabon da ke cikin ido ɗaya ne, nisan da ƙwaƙwalwa ta ba shi ne ya bambanta. Wani likitan ido a ƙasar Suwizalan, Emil Emmert, shi ya rubuta wannan ƙa'ida a 1881. Bayansa, a 1941, wasu masana biyu na Jami'ar Harvard a Amurka, Holway da Boring, suka zaunar da mutane a wani dogon baranda suna nuna musu da'irar haske. Da suka rage alamun nisa, ta hanyar rufe ido ɗaya da leƙe ta ƙaramar kafa a cikin duhu, sai mutanen suka kasa faɗin ainihin girman da'irar.

Darasin a fili yake. Girma da nisa tagwaye ne, in ɗaya ya ɓata ɗayan ma ya bi shi. Duhu kuwa shi ne babban mai ɓatar da alamun nisa. Yaron da ke kwance a ɗaki mai duhu, yana kallon fitila guda, idanunsa sun gaji sun fara saki, ya riga ya rasa yawancin abin da ƙwaƙwalwarsa ke dogara da shi.

Taswirar jiki

To, wannan game da gani ke nan. Ina batun hannun da ya zama turmi? A nan ma haka abin yake. Mutum ba ya sanin girman jikinsa kai tsaye. Ƙwaƙwalwa ce take riƙe da wata taswira ta jiki, wadda take gyarawa kullum da saƙonnin da ke zuwa daga fata da gaɓoɓi da tsoka. A 1937 wani likitan fiɗar ƙwaƙwalwa a birnin Montreal na Kanada, Wilder Penfield, tare da abokin aikinsa Boldrey, suka buga sakamakon binciken da suka yi a kan marasa lafiyar da ake yi wa aiki suna farke. Sun gano cewa a wannan taswira ba a yi rabo daidai ba. Leɓe da harshe da yatsu sun kwashe fili mai yawa, baya da cinya kuwa ɗan kaɗan suka samu. Ba abin mamaki ba ne ke nan da masu gizon gyangyaɗi suka fi kukan hannu da baki da kai.

Wanda aka taɓa yi wa allurar kashe zafi don cire haƙori ya san wannan. Leɓensa yakan ji ya yi suntum, amma in ya dubi madubi sai ya ga babu kumburi. Saƙo ne ya yanke daga leɓen, ƙwaƙwalwa kuwa da ta rasa labari sai ta ƙara masa girma. Haka ma wanda ya kwanta a kan hannunsa har ya mutu. A 1988 wani masani a Amurka, James Lackner, ya nuna abin da ya fi wannan ban mamaki. Ya sa mutum ya rufe ido ya kama hancinsa, sa'an nan aka kaɗa jijiyar damtsensa da wata na'ura, yadda ƙwaƙwalwa za ta zaci hannun yana miƙewa. Da yake yatsu suna riƙe da hanci, sai mutane da dama suka ji hancinsu yana tsawo. Ashe girman jikinmu ma hukunci ne, kuma hukunci yana iya kuskure.

Abin da ke faruwa a bakin ƙofar barci

A da an ɗauka barci kamar hure fitila ne, yanzu da haske, yanzu babu. Bincike ya nuna ba haka ba ne. Tun da Hans Berger na Jamus ya buga bayanin na'urarsa ta auna igiyar lantarkin ƙwaƙwalwa a 1929, aka sami hanyar leƙa abin da ke gudana. Mutumin da ke farke ya rufe ido yana hutawa, igiyar ƙwaƙwalwarsa tana kaɗawa sau 8 zuwa 13 a daƙiƙa. Da gyangyaɗi ya shigo sai ta sauka zuwa sau 4 zuwa 7. Wannan matakin farko na barci gajere ne, daga minti 1 zuwa 7. A cikinsa ne tsoka ke saki, idanu su riƙa juyawa a hankali, wani lokaci mutum ya zabura kamar ya faɗa rami. Sau da yawa in ka tashe shi a nan zai rantse maka bai yi barci ba.

Bari in kawo misali daga garinmu. A zamanin da ganuwar Katsina take tsaye, kowace ƙofa tana da mai tsaronta, wanda yakan rufe ta in dare ya yi. Amma rufe ƙofa ba shi ne barcin gari ba. An rufe Ƙofar 'Yandaka, baƙo ba ya shigowa, labarin waje ya yanke, amma a cikin gari ana ta hira a dandali, masu tuwo-tuwo ba su tashi ba. In wani ya ji ƙara daga bayan ganuwa a wannan lokaci, babu mai shigowa ya faɗi gaskiyar abin, sai kowa ya yi ta kintace.

A tsakiyar ƙwaƙwalwa akwai wani sashe da ake kira talamus, wanda kusan dukan saƙonnin gani da ji da taɓawa suke bi ta cikinsa kafin su isa ɓawon ƙwaƙwalwa, inda ake fassara su. Shi ne sarkin ƙofa. A 2010 wasu masu bincike a birnin Lyon na Faransa, waɗanda suka auna cikin ƙwaƙwalwar masu farfaɗiya da ake shirin yi wa aiki, suka gano cewa talamus yakan riga ɓawon ƙwaƙwalwa yin barci da mintoci da dama, kuma sassan ɓawon ma ba sa kwanciya lokaci guda. Watau akwai ɗan lokacin da ƙofa take rufe, ko a saye, alhali masu fassara suna nan a farke. Wurin da ake haɗa labarin ido da na jiki da na daidaiton tsayuwa yana can gefen kai ta baya, sama da kunne, kuma hotunan ƙwaƙwalwar masu wannan larura sun fi nuna canji a wannan yanki. In labarin da ke isa can ya ragu, ko ya zo a yanke, sai hukuncin girma da nisa ya karkace. Zazzaɓi kuwa yana ƙara dagula lamarin, domin yana hana barci nisa, ya bar yaro yana kai da kawowa a bakin ƙofar nan dare farai.

Wannan ya bayyana hikimar abin da kakata ta yi. Da ta ce in kama hannunta, ta zaunar da ni, ta ba ni ruwa, buɗe ƙofar ta yi, labari na gaskiya ya shigo, lissafi ya koma daidai.

Yadda likitoci suka san shi

A 1848 wani Bafaranshe, Alfred Maury, ya ba wa gane-ganen bakin barci suna na musamman a harshensu. A 1938 Otto Isakower, likita daga birnin Biyana, ya bayyana mutanen da in za su yi barci, ko suna zazzaɓi, sukan ji wani ƙaton abu mai duhu yana matsowa yana girma, bakinsu kuma kamar an cika shi da yashi. A 1952 Caro Lippman a Amurka ya ba da labarin masu ciwon ɓarin kai da ke jin jikinsu yana tsawo ko yana gajarta. Sai a 1955 wani likitan ƙwaƙwalwa a Ingila, John Todd, ya tattara labarin marasa lafiya 6, ya raɗa wa larurar sunan Alis, wata yarinya a littafin tatsuniya na Lewis Carroll da aka buga a 1865, wadda takan girma ta kuma ƙanƙance a cikin labarin. Da wannan suna aka san ta a duniya har yau. A 1977 aka fara danganta ta da ƙwayar cutar Epstein-Barr, bayan an gan ta a jikin wasu matasa da ke fama da zazzaɓin da wannan ƙwaya ke kawowa.

Wani nazari da aka buga a 2016 ya tarar da labarin mutum 169 kacal a rubuce-rubucen likitoci tun zamanin Todd. Wanda ya ji wannan adadi zai ce abin ba shi da yawa. Amma da aka tambayi ɗaliban sakandare fiye da 3,000 a ƙasar Japan, a wani bincike da ya fito a 1989, sai aka sami kashi 6 zuwa 7 cikin 100 sun taɓa ganin abu ya girma ko ya ƙanƙance. Ma'ana, masu shi suna da yawa, masu kai shi gaban likita ne kaɗan. Wannan ya isa ya kwantar da hankalin duk wanda yake zaton shi kaɗai ne.

Yaushe za a kwantar da hankali, yaushe za a tashi tsaye

Yanzu mun zo ga abin da ya fi muhimmanci. Idan yaro lafiyayye ne, jikinsa ba zafi, abin yana zuwa ne kawai wajen kwanciya, ya wuce cikin 'yan mintoci, ya tashi da safe garau, to, mafi yawan lokaci babu abin tsoro, kuma yakan rabu da shi in ya girma. Abin da yake bukata shi ne a gaskata shi. A kunna fitila, a zaunar da shi, a ba shi abin da ya saba da shi ya riƙe, a gaya masa idonsa ne ya gaji. A kuma kula ya sami isasshen barci, domin rashin barci, irin na ɗalibai a lokacin jarrabawa ko na masu kwana kallon waya, yana jawo shi.

Amma akwai alamun da in an gan su ba a jira gari ya waye. Na farko, zazzaɓi mai zafi tare da jijjiga, ko yawan amai, ko kasa shan ruwa, ko yaro ya daina gane iyayensa, ko a kasa tashinsa daga barci. Nijeriya ce ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya, kuma idan ya hau ƙwaƙwalwa yana iya kisa cikin kwana ɗaya ko biyu. Gwajin jininsa ba ya wuce minti 20, maganinsa kuwa allura ce da ake yi a asibiti. Na biyu, zazzaɓi da ciwon kai da sandarewar wuya, musamman daga hunturu zuwa bazara, lokacin sanƙarau. Manyanmu ba su manta da annobar 1996 ba, wadda ta kama mutum fiye da 100,000 a ƙasar nan, ta kashe fiye da 11,000. Na uku, idan abin yana zuwa da rana tsaka, tare da ƙura wa wuri ido, ko taune-taune, ko ɗaukewar hankali na ɗan lokaci, domin akwai nau'in farfaɗiyar da ba ta kayar da mutum ƙasa. Na huɗu, idan ya fara ne a jikin babba wanda bai taɓa yinsa ba, musamman in da mutuwar ɓarin jiki ko karkacewar baki. Na biyar, idan ido ɗaya ne kaɗai ke ganin ƙanƙancewar. Gwajin wannan mai sauƙi ne, a rufe ido ɗaya a duba, sa'an nan a rufe ɗayan. In bambanci ya fito, ciwon yana cikin ido, kuma masu ciwon sukari su fi kowa kula da wannan.

Sai kuma a tambayi abin da mutum yake sha. Wasu magungunan tari da na farfaɗiya, da kayan maye, an san suna kawo irin wannan rikicewa. Wanda kuma abin yake zuwa masa kafin ciwon ɓarin kai, maganin ciwon kan shi ne maganinsa.

Ban zo nan don in yi jayayya da imanin kowa ba. Uwar da ta yi wa ɗanta addu'a ta tofa masa ta yi abin da ya dace da uwa. Roƙona shi ne hannun da ya shafa addu'a ya taɓa goshi ya ji ko da zafi, in kuwa da zafi, a yi addu'ar a kan hanyar asibiti. Ina kuma roƙo kada maganar yaro mai zazzaɓi ta zama hujjar zargin wata tsohuwa da maita, domin gidaje da yawa sun watse a kan abin da bai wuce wannan ba.

Kammalawa

Jama'a, mun ga cewa girma da nisa ba a cikin ido suke ba, hukunci ne da ƙwaƙwalwa ke yankewa daga labarin da ya iso mata. Mun ga cewa a bakin barci ƙofar labari takan rufe kafin masu hukunci su kwanta, kuma duhu da gajiya da zazzaɓi suna ƙara tsawon wannan lokaci. Mun kuma ga alamun da ke raba mai sauƙi da mai hatsari.

Saura aiki a kanmu mu 'yan jami'a. Ina kira ga ɗaliban sashen Hausa da su shiga unguwanni da ƙauyuka, su zauna da tsofaffi da unguwarzoma da wanzamai, su tattaro kalmomin da ake siffanta wannan abu da su. Ina kira ga ɗaliban likita da na jinya da su riƙa tambayar yara da harshen da yara ke ji, domin yaro ba zai faɗi abin da yake tsoron a yi masa dariya a kai ba sai an buɗe masa hanya. In sassan nan biyu suka haɗa hannu, za a fitar da ɗan littafi da malamin firamare da ma'aikacin ɗakin shan magani za su amfana da shi.

Ku kuma iyaye, in wani dare ɗanku ya ce muku kun yi nisa alhali kuna zaune kusa da shi, ku miƙa masa hannu ya kama, ku taɓa goshinsa, ku saurari sauran maganarsa.